Faɗin Yatsa Biyu

Mati mai walda ya kawo shi da la'asar,
a kan amalanke, daga bakin kasuwa har Mokoyo:
rabin gangar ƙarfe, ƙafa uku,
raga a ciki, 'yar ƙofa a gindi,
da bututu mai gwiwa biyu
da ya ƙi bin tagar Baba
sai da muka cire tubali ɗaya.

Jikka goma sha biyu. Na biya, ban yi ciniki ba.
Ɗari ya hauro daga gulbi tun makon jiya,
ya sami gwiwoyin tsoho, ya sauke kaya.

Na kwaɓa laka da toka na liƙe mahaɗai.
Na jera ƙirare, na ɗora gawayi,
ba na itace ba, na dutse,
mai nauyi, mai taurin kai,
wanda ba ya amsa sallamar ashana ɗaya.
Ta huɗu ta kama.
Sai hayaƙi ya juyo,
ya ƙi hanyar da na saya masa,
ya cika ɗaki, ya sa mu tari,
har maƙwabta suka leƙo da bokiti.

Baba Nomau bai motsa ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a bakin tandun burodi,
wuta ta ci idonsa ta bar masa kunne.
Ya ce, Tsahara, bututunki a sanyaye yake.
Hayaƙi ba ya hawa hanyar da ba a ɗumama masa ba.
Ƙona takarda a maƙogwaronsa tukuna.

Na ƙona tsohon rasit ɗin ruwa.
Sai na ji an ja numfashi
can cikin ƙarfe, dogo,
kamar jariri da aka gama jira ya yi kuka.

Murna ta sa na wangale ƙofar gindi.
Wuta ta tashi da gurnani,
gangar ta yi ja a kwiɓi,
gawayin kwana biyu na narkewa ina kallo.
Ya ce, wannan ba ɗumi ba ne, ɓarna ce,
kina ɗumama wa taurari.

Na rufe ruf.
Ɗaki ya yi shiru, shiru mai daɗi,
kaina ya fara nauyi, idona na lumshewa.
Ya buga sandarsa a ƙasa.
Wannan shirun na sani, in ji shi,
shi ya ɗauke yaron Ɗan Jimo a tandu,
ya kwanta jin ɗumi, bai tashi sallah ba.
Buɗe. Kaɗan. A'a, ƙara.
Sa yatsunki a tsagar. Nawa suka shiga?
Na ce biyu.
Ya karkata kai, ya saurara,
kamar mai jin sawun wanda ya sani a zaure.
To, nan ne. Bar ta nan.
Kuma tagar can, kar ki toshe ta da tsumma
ko da sanyi zai roƙe ki.

Harshen ya sauko, ya koma shuɗi,
gajere, ba fushi, ba roƙo.
Na ɗauki ƙusa na karce alama a ƙarfen,
ya ji ƙarar, ya yi dariya:
gobe iska za ta sauya, alamarki ta yi ƙarya.

Yanzu dare ya raba.
Buta na ɗan waƙa a kan murfi.
Motocin Jibiya sun daina wucewa.
Ina zaune tsakanin numfashi biyu,
na ƙarfe da na tsoho,
ɗaya na iya gyara shi da yatsa,
ɗayan kuwa sai dai in saurara.

In ya yi tari in duba toka.
In ya yi shiru in duba shi.